Kwamfutar da Ta Ƙi Mutuwa a Bakin Iyakar Gallabat

Gallabat gari ne na masu wucewa. Yana can ƙurewar jihar Gadarif a gabashin Sudan, tafiyar kimanin kilomita 150 daga birnin Gadarif, kuma ƙorama ɗaya da gadarta ne suka raba shi da Metema ta ƙasar Habasha. Mutumin Afirka ta Yamma ba baƙo ba ne a tarihinsa. Takarir, masu tafiya Makka a ƙasa da suka biyo ta Darfur, su ne suka kafa shi a ƙarni na 18, suka mayar da shi zango da kasuwa. A nan ne dakarun Mahadi suka gwabza da na Habasha a watan Maris na 1889, har Sarki Yohannes na Huɗu ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Jikokin mahajjata, Hausawa da Fulani da Barebari, suna nan a faɗin Gadarif har yau, cikin noman dawa da riɗi da fatauci.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wannan gada ta ɗauki nauyin da ba ta saba da shi ba. Dubun-dubatar mutane sun bi ta kanta, wasu neman mafaka, wasu neman hanyar da za ta kai su Addis Ababa su hau jirgi. Iyaka kuwa wurin rubutu ce: sunan wanda ya shiga, lambar fasfonsa, buhu nawa ke cikin mota, wa ya biya, wa ake bi bashi, kwalbar allura nawa ta rage a firji. A da littafi ne ke riƙe wannan duka. Yanzu kwamfuta ta karɓi kaso mai yawa, kuma idan ta yi gardama, ba takarda ce ke shan wahala ba, mutanen da ke cikin rubutun ne.

A ɗauki ofishin mai fito da kaya daga kwastan, ko kantin magani, ko ɗakin rajistar wani ƙaramin asibiti, a Gallabat ko a kowane gari irinsa. Magariba ta gabato, mai janareta ya aiko cewa saura minti goma ya kashe. Yaron ofis ya danna maɓallin kashe manhajar da ke riƙe da lissafin ranar, ta yi tsit. Ya sake dannawa, linzami ba ya motsi, agogon da ke kusurwar allo ya tsaya a kan ƙarfe biyar da rabi. Sai ya kira wanda ya haɗa masa na'urar: "Bashmuhandis, ta ƙi mutuwa fa." Amsar da aka fi samu daga mai gaggawa ita ce, "Zare ta daga wuta kawai, ɗana, gobe ma gani." Wannan amsa ita ce mafi muni cikin duk abin da za a iya yi, kuma dalilin ba ya fitowa fili sai an san irin na'urar da ake magana a kai.

Kwamfuta a cikin kwamfuta

Kwamfutar kwaikwayo, wadda masu sana'ar ke taƙaitawa da VM, kwamfuta ce cikakkiya da ba ta da jikin ƙarfe nata na kanta. Manhaja ce ke yanka mata rabo daga ƙwaƙwalwar na'ura ta gaske da faifan ajiyarta, ta ƙirƙira mata allo da katin sadarwa da maɓallin wuta na ƙarya, har babbar manhaja irin su Windows ko Linux ta zauna a ciki tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Na'urar gaske ana ce mata mai masauki, ta ciki kuma baƙuwa. Mai masauki ɗaya na iya ɗaukar baƙi uku, ko goma, gwargwadon ƙarfinsa.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972. An kafa VMware a 1998, shi ne ya sauko da ita kan kwamfutocin tebur. Fabrice Bellard ya fitar da QEMU a 2003, KVM ya shiga cikin Linux a 2007, a shekarar ne kuma VirtualBox ya fito kyauta kafin ya koma hannun Sun sannan Oracle. Microsoft ya kawo Hyper-V a 2008, shekarar da wani kamfani a Vienna ya fara fitar da Proxmox. A yau yawancin sabobin da ke manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na duniya baƙi ne a kan wasu na'urori.

Me zai kai wannan dabara ƙaramin ofis a kan iyaka? Dalilan ba na ado ba ne. Akwai tsohuwar manhajar lissafi da wani ya rubuta shekaru goma sha biyar da suka wuce, ba ta tashi sai a kan Windows XP ko Windows 7, alhali Microsoft ya daina kula da na farko a 2014, na biyu a 2020. Maimakon a ajiye tsohuwar na'ura mai tari, sai a ɗauke ta ɗungurungum a zuba cikin sabuwa. Akwai kuma batun wuta: na'ura ɗaya mai baƙi uku ta fi na'urori uku sauƙin ciyarwa da batir da sola. Sudan tana da nata ƙarin dalili. Takunkumin tattalin arzikin da Amurka ta ƙaƙaba mata daga 1997 zuwa 2017 ya toshe wa 'yan ƙasar sayen manhajoji da yawa ta hanyar da ta dace, sai masu sana'ar suka saba da na kyauta da kuma lallaɓa tsofaffi.

Dalili mafi nauyi yaƙi ne ya fito da shi. Baƙuwar kwamfuta, duk da abin da ke cikinta, 'yan fayil ne kawai a kan faifai. Ana iya kwafe ta a saka a aljihu, a tayar da ita a wani gari a kan wata na'ura. A farkon Fabrairu 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan duk Sudan bayan da cibiyoyin kamfanonin Sudani da MTN da Zain da ke Khartum suka daina aiki. Mutanen da suka dogara da manhajar Bankak ta Bankin Khartum don sayen abinci suka wayi gari ga kuɗi a asusu, babu hanyar taɓa su. Sai da aka sake kafa cibiyoyi a Port Sudan kafin layuka su fara dawowa sannu a hankali. Duk wanda ya ga wannan ya san amfanin aikin da za a iya naɗewa a gudu da shi. Amma sauƙin ɗaukar shi ne kuma rauninsa: lissafin shekara biyar na cikin fayil ɗaya, idan fayil ɗin ya lalace, duka suka tafi tare.

Roƙo ne, ba umarni ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maɓallin kashewa da ke kan mai masauki ba ya kashe komai. Saƙo yake aikawa. Tun 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da tsarin ACPI, wanda ya mayar da danna maɓallin wuta sanarwa zuwa ga babbar manhaja. Umarnin `virsh shutdown` a KVM, da `qm shutdown` a Proxmox, da `VBoxManage controlvm` mai ɗauke da `acpipowerbutton` a VirtualBox, duk wannan sanarwar suke isarwa, ko kuma su bi ta wani ɗan aike da aka girka a cikin baƙuwar.

Wanda ya san zangon fatake zai gane. Fatoma ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce asuba ta yi, ayari zai tashi. Baƙo mai lafiya zai miƙe ya ɗaure kayansa, ya ƙirga kuɗinsa, ya biya bashin tuwon jiya, ya yi sallama. Idan bai amsa ba, to ko barci ya yi nauyi, ko yana tsakiyar ƙirga, ko ciwo ya kayar da shi, ko kuma ɗakin ne ya rufta ya tare ƙofar. Fatoman kirki leƙawa yake yi ya ga wanne ne. Wanda ya banke ƙofa ya watso kaya waje ya sami ɗakinsa, amma sai an yi ta tsintar tsaba a ƙasa.

Ƙirgar da baƙuwar kwamfuta ke yi kafin ta mutu ita ce sauke abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa faifai. Don gudun jinkiri, babbar manhaja ba ta rubuta kowane abu nan take. Tana tarawa, sai ta sauke a dunƙule. Rasit ɗin da aka buga minti ɗaya da ya wuce zai iya kasancewa bai kai faifai ba tukuna.

Wa ya daskare?

Tambayar farko ke nan, kuma amsarta ba ta cin minti biyu. Sau da yawa tagar da ake kallo ce kaɗai ta maƙale, baƙuwar na nan tana aikinta. A gwada aika mata `ping` daga wata na'ura, a gwada shiga ta SSH ko ta hanyar shiga Windows daga nesa. Idan ta amsa, an huta: a shiga a kashe ta daga ciki.

Idan ba ta amsa ba, a tambayi mai masauki halin da take ciki. A KVM umarnin `virsh domstate` tare da `--reason` yana faɗin hali da dalili. A nan ne ake yawan cin karo da abin da, a ganina, ya fi kowace matsala yaudarar mutane: baƙuwar ba ta daskare ba, dakatar da ita aka yi da gangan domin faifan mai masauki ya cika. QEMU yana tsayar da baƙuwa cik idan ta zo rubutu babu wuri, don kada ta yi rubutu rabi da rabi. Proxmox na nuna `io-error`, Hyper-V na nuna `Paused-Critical`, VirtualBox da ESXi na VMware kuma suna fito da gargaɗi wanda galibi yana ɓoye a bayan wata taga. Baƙuwar da aka dakatar ba ta jin saƙon kashewa, ko sau ɗari aka aika. Duk abin da ke ƙwaƙwalwarta kuwa yana nan lafiya lau, yana jiran a ba shi wuri. Umarnin `df -h` zai nuna cikar. A goge tsofaffin fayilolin girka manhaja, ko a kwashe bidiyon da wani ya tara a na'urar ofis, a ce `virsh resume`, sai ta ɗora daga inda ta tsaya ba tare da asarar ko harafi ɗaya ba. Wanda ya kashe ta da ƙarfi a wannan hali ya zubar da abin da na'urar ta tsaya takanas don ta kare masa.

Me ke cika faifan? Yawanci hotunan-hali ne, wato ɗaukar siffar baƙuwa a wani lokaci don a iya komawa gare ta idan gyara ya ɓaci. Daga ranar da aka ɗauka, kowane sabon rubutu yana shiga wani fayil na dabam, kuma fayil ɗin yana ta girma. Injiniya ya ɗauki hoton kafin wani gyara, ya koma Gadarif, ya manta. Bayan wata shida faifai ya cika. Gargaɗi ɗaya a nan: kada a taɓa goge fayil ɗin hoton da hannu don neman wuri. Duk aikin wata shidan a cikinsa yake. Ta cikin manhajar ake haɗe shi da uwarsa, kuma haɗewar ma tana buƙatar wuri da wuta tsayayya.

Hali na biyu ya fi wuya. Baƙuwar ta miƙa rubutu ga faifai, faifan bai amsa ba, kuma bai ce ya gaza ba. Wataƙila fayil ɗinta na kan faifan waje ne da ke maƙale da igiyar USB wadda ta yi sako-sako, ko a kan wata na'urar ajiya da ake kaiwa gare ta ta igiyar sadarwa, ƙaramin akwatin da ke haɗa su kuma ya mutu sa'ad da aka juya daga wutar gari zuwa janareta. A Linux aikin da ya shiga irin wannan jira ana yi masa alama da harafin D idan aka duba da `ps`, kuma `dmesg` zai nuna ƙorafin cewa wani aiki ya maƙale fiye da daƙiƙa 120. Aikin da ke hali na D galibi ko `kill -9` ba ya taɓa shi, domin ba ya sauraron kowa sai faifan. Mutum zai yi ta buga umarni yana zufa, alhali maganin yana ƙarƙashin tebur: a mayar da wutar akwatin sadarwa, a duba igiya. Ajiyar da aka haɗa ta igiyar sadarwa da tsarin NFS, a yadda ta saba zuwa, tana iya jira har abada, kuma da zarar hanya ta dawo sai ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Idan kuwa faifan ne da kansa ke mutuwa, `smartctl` zai nuna alamun, kuma daga nan abin da ke gaba ba kashewa ba ne, kwashe abin da za a iya kwashewa ne.

Zafi da ƙura suna da hannu a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gadarif yana haura digiri 40. Na'urar da fankarta ta toshe da ƙura tana rage gudunta don kada ta ƙone, sai komai ya yi ta jan ƙafa har a zaci daskarewa ce.

Akwai kuma rabon da ya wuce samu. An ba baƙi uku ƙwaƙwalwar da ta fi wadda mai masauki ke da ita, sai ya shiga juye-juye tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai, fitilar faifai ta kama ba ƙyaftawa. Rufe baƙuwa ɗaya mai lafiya kan isa ya ba sauran numfashi.

Wani lokaci kuma babu ciwon komai. Windows na girka sabuntawa, ta rubuta ƙarara cewa kada a kashe, amma ba wanda ya buɗe tagar ya karanta. Linux mai systemd na ba kowane aiki mai taurin kai daƙiƙa 90 kafin ta tilasta masa. Wasu nau'o'in Windows Server ba sa kula saƙon maɓallin wuta idan ba wanda ya shiga da sunansa, sai an sauya wata ƙa'ida a ciki. A Proxmox akwai tarko sananne: an kunna zaɓin ɗan aike a saitin baƙuwa amma ba a girka `qemu-guest-agent` a cikinta ba, sai mai masauki ya yi ta magana da wanda babu shi har lokaci ya ƙare.

Idan dole sai an yi ƙarfi

Wani lokaci baƙuwar ta mace a tsaye, babu abin jira. Ko a nan akwai abin yi kafin a kai ga ƙarfi. Linux tana da wata ƙofar baya da ake kira SysRq, inda zuciyar manhajar kan ji wasu maɓallai ko da sauran jiki ya sanƙare, muddin ba a toshe ƙofar a saiti ba. Da `virsh send-key` ana aika Alt da SysRq da harafin S don ta sauke abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, sai U don ta kulle faifan daga sabon rubutu, sai O don ta mutu. A bar 'yan daƙiƙu tsakanin kowanne. Ba kullum take ci ba, amma gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Bayan haka sai yanke wutar baƙuwar ita kaɗai: `virsh destroy`, ko `qm stop`, ko `poweroff` a VirtualBox, ko `Stop-VM` da `-TurnOff` a Hyper-V. Na farkon yana tsorata sababbin hannu, amma ba ya goge ko fayil ɗaya. A Proxmox sau da yawa `qm stop` kan dawo da ƙorafin cewa ya kasa kama makulli, domin aikin kashewa na farko yana nan riƙe da shi. A fara tsayar da wancan aikin. Umarnin `qm unlock` kuma ba a yi masa gaggawa, sai an tabbata ba kwafin ajiya ake ɗauka ba a lokacin, don makullin da ke kare kwafin ba ado ba ne.

Idan wannan ma ya gaza, sai a nemi aikin da ke ɗauke da baƙuwar a cikin mai masauki. A ESXi `esxcli vm process list` na ba da lambarta, kashewar kuma hawa uku ce, `soft` da `hard` da `force`, ana bin su a jere. A Hyper-V kowace baƙuwa na da nata `vmwp.exe`, kuma sai an gwada doguwar lambar shaidarta kafin a taɓa, domin duk suna ɗaya suke amsawa. A Linux a fara da `kill` na lallami kafin `kill -9`. A duba lamba sau biyu. Kashe baƙuwar da ba ta yi laifi ba kuskure ne da ke faruwa ga gwanaye ma idan mai janareta na tsaye a ƙofa.

Ga dalilin da ya sa duk wannan ya fi zare filogi. Idan aka kashe baƙuwa da ƙarfi, abin da ke ƙwaƙwalwarta kaɗai ake asara. Abin da ta riga ta miƙa wa mai masauki yana hannunsa, zai kai shi faifai. Idan aka zare wutar mai masauki, an rasa na baƙuwar, an rasa na hannun mai masauki, an katse sauran baƙin da ke aikinsu lafiya, kuma ana iya yanke faifai a tsakiyar rubuta taswirar da ke nuna inda kowane yanki na fayil ɗin baƙuwar yake. Fayil mai girman gigabait ɗari na iya ƙin buɗuwa saboda ɓacin ɗan wannan yanki. Idan minti goman mai janareta ba za su isa ba, kuɗin ƙarin lita ɗaya ta mai bai kai kuɗin sake tattara lissafin kaka guda ba.

Washegari

Baƙuwar da aka kashe da ƙarfi ba a tayar da ita a ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Idan akwai wuri, a fara kwafe fayil ɗinta gefe tana kashe. Sannan `qemu-img check` ya duba lafiyar fayil ɗin idan na QEMU ne, kuma ba a ba shi izinin gyara sai kwafin na hannu. Tsare-tsaren ajiya na zamani irin su ext4 da NTFS suna rubuta niyyarsu a wani kundi kafin su aikata, shi ya sa galibi suke farfaɗowa da kansu. Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL, da MySQL mai amfani da InnoDB, su ma haka. Inda ake kuka shi ne ƙananan manhajojin da aka gina kan fayil ɗin Access, da takardun Excel da aka bari a buɗe, waɗanda su ne abincin yau da kullum na ƙananan ofisoshi. A buɗe rubutun ƙarshe na jiya, a gwada shi da rasit na takarda, tun mai kayan bai ƙetare gada ba.

A duba saitin faifan baƙuwar kuma. QEMU yana da wani zaɓi mai suna `unsafe` da ke ƙara gudu ta hanyar yin biris da roƙon baƙuwa na a tabbatar rubutu ya sauka. An yi shi ne don gwaji. Wanda ya bar shi a kan na'urar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya, a garin da wuta ba ta da alƙawari, ya yi ganganci da amanar mutane.

Batun wutar kuwa ba ƙarami ba ne a wannan yanki. Babban layin da ya haɗa Habasha da Sudan, mai ƙarfin kilobolt 230, wanda aka ƙaddamar a Disamba 2013, ta nan ya ratsa zuwa Gadarif, amma wucewar babban layi ta sama ba ta nufin wuta ta zauna a kowane shago. A Janairu 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari madatsar Merowe da tashar wuta ta Shawak a jihar Gadarif, garuruwa da dama suka shiga duhu. Don haka batirin UPS, mai riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, a nan ba kayan alatu ba ne. Sai dai akwai lissafin da ake mantawa. Idan aka umarci mai masauki ya mutu, yana jiran baƙinsa su riga shi: Proxmox na ba kowace baƙuwa daƙiƙa 180 idan ba a sauya ba, tsarin `libvirt-guests` kuma har 300. Batirin da zafi ya cinye, wanda bai fi minti huɗu yake riƙewa ba, na iya mutuwa ana tsakiyar jiran baƙuwa mai gardama. Manhajoji irin su NUT da apcupsd suna sa UPS ya sanar da mai masauki da zarar wuta ta ɗauke, ya fara sallamar baƙi da wuri. Ana girka su cikin awa ɗaya. Abin da ya fi girkawar muhimmanci shi ne a zaɓi ranar da babu aiki, a zare wutar bango da gangan, a tsaya da agogo a ga ko kowa ya mutu cikin tsari kafin batir ya ƙare.

Injiniyan kuma ba kullum zai iso ba. Damina na ɓata hanyoyin baƙar ƙasar Gadarif daga Yuni zuwa Oktoba. Iyakar kanta ana rufe ta: an rufe a 2022 lokacin rikicin kan iyaka na Fashaga, an sake rufewa a Satumba 2024 da faɗan mayaƙan Fano na Habasha ya iso Metema. Sadarwar da za a kira shi da ita ma an ga yadda take ɗaukewa. Saboda haka ilimin bai kamata ya tsaya a kan mutum ɗaya ba. Yaron ofis da ya iya tura kuɗi ta Bankak zai iya koyon duba cikar faifai da karanta halin baƙuwa. Haƙƙin wanda ya haɗa na'urar ne ya rubuta masa a takarda, da Larabci ko Hausa ko duk harshen da ya fi ganewa, sunan kowace baƙuwa da lambarta, umarni huɗu ko biyar a jeren da za a bi su, da abin da ba a taɓawa ko ana ha-maza-ha-mata. A manna takardar a jikin na'urar, ba a ajiye ta a cikin baƙuwar da za ta daskare ba.

Kwafin ajiya kuma ba hoton-hali ba ne, domin hoton yana zaune a kan faifai ɗaya da uwarsa, tare suke tafiya. Kwafi na gaskiya shi ne wanda ke wani faifai dabam, a wani ɗaki dabam, in da hali a wani gari. Sau ɗaya a wata a ɗauko shi a tayar a kan wata na'ura, a cire mata igiyar sadarwa tukuna don kada ta yi karo da ta asali, a buɗe manhajar lissafin, a nemo rasit ɗin makon jiya a ga ko yana nan.